Fadamar Assumana da Bakin Tafinta

Madawa, ranar Litinin

Zuwa ga ɗiyata Rahila,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya kai ki Yamai lafiya, ya tsare ki bisa hanya da wurin kwananki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin mutum da na ƙarfe. Innarki Saratu tana gaishe ki. Ita za ta sa takardar ga cikin jakarki, ki karanta in kin sauka kin huta.

Aikin da ikilisiya ta ɗauke ki ba baƙo ba ne gare ni. Za ki riƙa tarbar mutanen da ikilisiyoyin ƙasashen waje ke aikowa na mako biyu ko uku, tare da ƙungiyar nan tasu ta lauyoyi masu neman wa talaka hakkinsa. Ke za ki shirya masu tafiya, ki yi masu tafinta, ki haɗa su da mutanenmu. Kin karanta shari'a a jami'a, ta wannan gefen kin fi ni nesa ba kusa ba, ni mushen lakwal ne kawai, wato malamin makaranta. Amma na riƙe aikin ga tun kina 'yar shekara goma sha biyu, kuma da farko na ɓata shi ƙwarai. Ke ƙarshen labarin kinka sani, mai daɗin. Yau farkon zan ba ki.

Kin san Baba Assumana. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda munka haɗu. Kafin a haife ki anka tura ni koyarwa wani ƙauye can bayan Tama, cikin ƙasar Buza. Ni kaɗai ne Kirista a garin. Assumana ya ba ni ɗaki cikin gidansa, shekara shida ina shan furar matarsa, bai taɓa tambayata abin da ya hana ni zuwa masallaci ba. In azumi ya kama, da kansa yake cewa a dama mani tawa da rana, wai Mushe na fama da yara.

Gabas da garin akwai wani fili, fako ne fetal, ko akuya ba ta tsayawa cikinsa. Da aikin gyaran ƙasa na wajen Kaita ya yi suna, mutanen garin sunka je sunka ga yadda ake yi, sunka ɗauko. Maza na haƙa, mata na jidar duwatsu bisa kai, ana jerawa don a tare ruwa. Na ga tafin hannun Assumana ya tsattsage kamar ƙasar da yake haƙa. Bayan 'yan shekaru wurin ya farfaɗo, ruwa ya zauna, anka gina rijiyoyi, garake, wato lambuna, sunka tashi. Albasa, tumatir, kabewa, ga hatsi bisa tudu. Wurin da babu mai so ya zama fadama.

Na daɗe da dawowa Madawa sa'ad da Assumana ya zo mani ran kasuwa, fuskarsa ba daɗi. Ya ce wani mutum daga arewa mai suna Agali ya aiko, wai kakanninsa ne iyayengijin kakannin garin, saboda haka ƙasar tasu ce. Ko dai a riƙa ba shi kasonsa duk kaka, ko ya sayar da fadamar ga wani ɗan kasuwa. Mutanen gari kuwa babu mai ko guntuwar takarda. A shekarun nan ikilisiyarmu ta fara zumunci da wata ikilisiya ta ƙetare, kuma baƙinsu na tafe da sanyi. Na kai maganar ga fasto, fasto ya rubuta masu, sunka ce za su zo da lauya. Su biyar sunka zo. Shugabarsu wata dattijuwa ce doguwa mai furfura, Madam Rut, lauya ce, tana jin Faransanci amma da nauyi.

Kuskurena na fari tun a ƙofar gari na yi shi. Ina ɗokin Assumana ya ga ban kwanta da maganarsa ba, sai na ja motoci kat-kat biyu cike da Turawa, munka ratsa gari, munka wuce ƙofar maigari, munka wuce masallaci, munka tsaya ƙofar Assumana. Ban aika ba, ban gaya wa kowa ba. Kafin la'asar magana ta gama gari: Mushe ya kawo Nasara su sayi addinin mutane da gona. Kwana uku duk wanda munka nufa sai ya ce yana da uzuri. Ran na huɗu maigari ya aiko kirana. Ya bar ni tsaye ɗan lokaci, kana ya ce, "Mushe, ƙofar gidana ce ta ɓace maka? Da ka zo kai ɗaya mako guda da ya wuce, ka sha ruwa nan, da ni da bakina zan tara maka mutane."

Limamin garin, Malam Habibu, yana zaune gefensa. Da anka kira baƙin, shi ya yi tambayar da kowa ke riƙe da ita: "In sun taimake mu, mi za su nema wurinmu?" Ni sai na kama kame-kame, wai ai poroje ne kawai, aikin taimako, wai ba ruwansu da addini. Madam Rut ta lura bakina na rawa, ta ce in gaya mata abin da anka tambaya. Da na gaya mata ta ce, "Faɗa masa mu Kirista ne, kuma bangaskiyarmu ce ta taso mu. Ba mu zo musanya ba. Wanda munka tsaya wa ba mu bin shi komai, ko a gona ko a salla." Na juya maganar. Malam Habibu ya gyaɗa kai ya ce, "To, wagga magana ce. Mushe, kai mi ya hana ka faɗi haka tun farko?"

Rahila, duk garin da za ki kai baƙi, ki riga su zuwa. Ki je da ƙafarki, ki gaida maigari, ki gaida liman, ki gaida tsofaffin mata, ki zauna har a gaji da ke. Baƙi za su ga kamar ɓata kwanaki ne, don nasu kwanakin ƙidayayyu ne. Ki gaya masu gaisuwar nan ita ce rabin aikin. Kuma kada ki ɓoye ko ke wace ce. Mutanenmu ba sa tsoron Kirista mai faɗin gaskiya, wanda ke noƙewa suke tsoro. In kuwa wani baƙo ya so ya haɗa taimako da sharaɗi, ki tsayar da shi tun a mota, da ladabi amma ba da wasa ba.

Bayan wannan gari ya buɗe mana. Anka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata gawo a bakin fadama, Madam Rut na tambaya, ɗaya daga cikinsu na rubutu, wani na ɗaukar hoto. Nan na yi abin da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ta tambayi Assumana ko shi da iyayensa sun taɓa zama ƙarƙashin mallakar wani. Ya dubi garka, kana ya ce, "Ni manomi ne. Ubana manomi ne. Abin da ya wuce tsakanin kakanni ya wuce da su. Ƙasar ga matacciya na iske ta, da hannuna na tashe ta." Magana ce cikakkiya, ba ta bukatar ƙari. Amma ni na dubi fuskokin baƙin, na ga abin da suke jira, na kuma yi tunanin in zancen ya yi zafi za su fi tsayawa. Sai na ce masu da Faransanci, "Ya ce shi bawa ne ɗan bawa, kuma ubangijinsa ya dawo ya ƙwace masa gona." Mai rubutu ya rubuta. Wata daga cikinsu ta share hawaye. Mai hoto ya matso ya ɗauki fuskar Assumana, shi kuwa har da gyara hula, don ya ɗauka hoton manomi ake ɗauka.

Ban tsaya nan ba. Ran da za su tafi gari ya taru yin sallama. Madam Rut ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma shari'ar ƙasa tana da tsawo, kuma hukunci ba a hannunsu yake ba. Na dubi mutane, tsofaffi sun zuba mani ido, matan da sunka ɗauki duwatsu na tsaye baya. Na ji nauyin in ba su magana mai sanyi haka. Sai na ce, "Ta ce ku kwantar da hankalinku, kafin ruwa ya sauka magana ta ƙare, fadama taku ce." Anka yi guɗa. Maigari ya ba baƙi rago. Ni kuwa na koma Madawa ina jin kaina wani abu.

Ga abin da maganata ta haifa. Samarin garin sunka ɗauka ai Turawa sun riga sun gama komai. Da ɗan aiken Agali ya zo da raƙuma zai shayar, sunka tare shi da sanduna. Anka yi rauni gefe da gefe, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Jandarmomi sunka zo, hukuma ta ce kowa ya janye daga fadama sai an sasanta. Rani guda cur garake na kwance. Rijiyoyi cike da ruwa, ba mai ja. Samari da dama sunka tafi cirani, har da waɗanda ba su taɓa fita ba.

Sa'an nan hoton ya dawo. Baƙin sun kai labari ikilisiyarsu, an sa shi inda duniya ke gani. Wani ɗan garin da ke cirani a Abijan ya ci karo da fuskar Assumana cikin waya, da kalmar nan rubuce ƙarƙashinta. Ya tura wa wani, wani ya tura wa wani. A lokacin Bubakar, babban ɗan Assumana, yana neman aure a Karofan, magana ta yi nisa. Iyayen yarinyar sunka aiko cewa a dakata. Kowa ya san abin da dakatawar ke nufi.

Assumana ya zo Madawa. Kina lakwal ran nan. Innarki ta shimfiɗa tabarma, bai zauna ba. Ta kawo ruwa, bai karɓa ba. Ya miƙo mani wayar wani da ya aro, ya ce, "Mushe, karanta mani abin da ke ƙarƙashin fuskata." Na kasa. Ya ce, "An riga an karanta mani. So nike in ji da bakinka." Na karanta. Ya ce, "Shekara shida kana gidana. Ka taɓa jin wani ya kira ni da sunan ga? Agali da ke son gonata ma bai faɗe shi gaban mutane ba. Kai da ka sha furata, kai ka faɗe shi ga duniya." Ya karɓi wayar ya juya. Na bi shi har bakin tasha, bai waiwayo ba.

Ɗiyata, bakin tafinta ba nasa ba ne, aro ne. Mutum biyu sun ba ki amanar harshensu, kuma babu ɗayansu da zai iya kama ki in kin ci amanar. Shi ya sa abin ke da sauƙin yi. Ki faɗi abin da anka faɗa, ko da ya fito ba gishiri. In mutum ya zaɓi ya rufe wani abu game da asalinsa, ki bar shi rufe, shi ya san abin da zai kwana da shi bayan motarku ta tashi. Kada a ɗauki hoton kowa sai an gaya masa inda hoton za shi da abin da za a rubuta ƙarƙashinsa, da Hausa, a fili, kuma ki ba shi damar cewa a'a ba tare da jin kunya ba. Alkawari kuwa, kada ki ɗauka da sunan wanda zai hau jirgi jibi. In an tambaye ki yaushe, ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba. Mutanenmu sun iya haƙuri da jira. Abin da ke karya su shi ne a ce masu gobe, su shirya wa goben.

Da a ce na tashi nan take na gyara, da da sauƙi. Ban yi ba. Kusan shekara guda ban taka hanyar Buza ba. In na hango mutumin garin a kasuwa sai in sake layi. Da lokacin aika rahoto ya yi, na rubuta wa baƙin cewa aiki na tafiya, mutane na godiya. Ina tsoron in sun ji gaskiya za su yanke zumuncin, a ce ni Iliya na jawo.

Innarki ce ta tsamo ni. Wata Lahadi mun dawo daga sujada, ni na yi addu'a gaban jama'a ran nan. Tana tuɓe mayafi ta ce, "Baban Rahila, na ji ka roƙa wa azzalumai tuba. Addu'ar ta yi kyau. Kai kuma yaushe?" Na ce mata ba ta san yadda aikin yake ba. Ta ce, "Awo, ban sani ba. Na dai san mutum ya tsaya tsakar gidan ga ya ƙi shan ruwana, kuma ba ni na yi masa laifi ba." Ta shige ɗaki ta bar ni. Ki gode wa Allah in kin samu mai gaya miki irin wannan, kuma kada ki amsa masa yadda na fara amsa mata.

Cikin makon na tara fasto da dattawan ikilisiya na faɗi duka, ban rage ba. Kana na kira Madam Rut. Na gaya mata duka a waya. Sai ta ce, "Iliya, kalmar kai ka faɗe ta, amma ni na yi murna da ita, don ita ke buɗe zukatan mutanenmu. Ban koma na tambayi mutumin ba. Hoton ma ban nemi izninsa ba. Laifin namu ne mu biyu." Sunka cire hoton, sunka rubuto takardar ban haƙuri. Abin da na ji tsoro bai faru ba. Zumuncin bai yanke ba, daga ran nan ma ya fara zama na gaskiya. Ki riƙe wannan: rahoton da ke ɗauke da labari mara daɗi ya fi wanda anka shafa wa mai. Abokan aiki na ƙwarai za su ɗauke shi. Waɗanda ba za su iya ɗauka ba, gara ki san su da wuri.

Da sanyi ya zagayo Madam Rut ta dawo, ita da mutum guda kawai, ba mai hoto. Wannan karon na riga su zuwa, na gaida maigari da liman, na nemi izni. Anka karanta takardar ban haƙuri da Hausa gaban jama'a. Bayan an gama na miƙe na ce, "Abin da Assumana ya faɗa daban, abin da na juya daban. Alkawarin kafin ruwa ma ba na matar ga ba ne, nawa ne. Ku yafe mani." Na koma na zauna. Assumana ya dube ni. Can ya ce, "Na ji. Allah ya yafe mana duka. Amma tafinta, a samo wani."

Maganar ta yi mani ciwo, amma gaskiya ce. Anka samo Madam Hadiza, ungozomar asibitin ƙauyen, Musulma ce mai jin Faransanci, mace mai magana ɗaya. Ni na koma mai kai saƙo da neman mota. In ranar ta zo miki da za a ce ki matsa wani ya riƙe, ki matsa. Aikin ya fi kujerarki.

Akwai kuskure guda da ban ma san na yi ba sai da Malam Habibu ya nuna mani. Ya ce, "Kun ji bakinmu sau biyu. Shi Agali wa ya ji nasa?" Ni na riga na zana wa baƙi mutumin a matsayin mugu mai dukiya, alhali ban taɓa sa shi a ido ba. Munka tafi mu huɗu, da liman da Madam Rut da Madam Hadiza, can arewa da Kaita. Munka iske tsoho siriri, da 'yan awaki da raƙuma uku. Ya dafa mana shayi. Ya ce fari ya cinye garken ubansa, abin da ya rage kuma ba ya da hanyar zuwa ruwa, don garake sun toshe burtalin da dabbobinsu ke bi tun yana yaro zuwa tsohuwar rijiya. Da ya kawo zancen mallakar kakanni, Malam Habibu ya ce masa a hankali, "Wannan kam ka aje ta. Ba mai mallakar ɗan'uwansa, dokar ƙasa ma ta hana. Amma ƙishirwar bisashenka magana ce, za mu kai ta." Na ga kafaɗun tsohon sun sauka.

Kada ki bari tausayin wanda kike tsaya wa ya rufe miki ido ga wancan. Kina iya cewa da'awarsa ba ta da tushe, ki kuma sha shayinsa ki ji abin da ke cinsa. Baƙi sukan zo da labari mai mutum biyu, mai zalunci da wanda anka zalunta, don shi ya fi sauƙin bayarwa in sun koma. Ke 'yar ƙasa ce, kin san bayan sun tafi mutanen ga rijiya guda za su ci gaba da sha.

Daga nan salon aikin ya sake. Ƙungiyar ta daina turo ayari, ta ɗauki nauyin wani lauya ɗan Tawa da ke bin maganar duk shekara. In baƙi sun zo, su biyu ne ko uku, su zauna da shi da mutanen gari su koya masu yadda ake tara shaidu da yadda ake neman takardar gona wurin hukumar filaye. Anka taka iyakoki da ƙafa, gona bayan gona, da maigari da liman da wakilin sarki. Damina uku abin ya ci. A ƙarshe takardu sunka fito da sunan waɗanda sunka raya ƙasar, har da matan da sunka jidi duwatsu, don Madam Hadiza ta tsaya kai da fata sai an sa su. Anka bar burtali har bakin rijiya, in an yi girbi kuma dabbobi su shiga su ci kara. Agali ya aje maganar mallaka gaban sarki da bakinsa.

Ba duka ya gyaru ba. Auren Bubakar na Karofan bai dawo ba. Ya yi wani auren daga baya, yana zaune lafiya da iyalinsa, amma har yau gaisuwarmu gajera ce, kuma ban ga laifinsa ba. Wasu daga samarin da sunka tafi cirani ranin nan can sunka zauna.

Ran da anka raba takardun ina tsaye can baya. Assumana ya karɓi tasa, ya juya ta, ya ratso mutane har inda nake. Ga Madam Hadiza kusa, ga lauya, amma ni ya miƙo wa. Ya ce, "Mushe, karanta mani. Abin da ke ciki kaɗai." Na karanta, tun daga sunansa har iyakar gabas da ta yamma, ban ƙara ko wasali ba. Da na gama ya ce, "To. Ka biyo gida, an dama fura."

Kada labarin ga ya sa ki raina baƙi. Na ga irin da ke zuwa don hoto, amma na ga kuma waɗanda sunka bar aikinsu da jikokinsu, sunka sha zazzaɓi da zafin Adar, ba abin da ya kawo su sai tsoron Allah da ƙin zalunci. Sun san abubuwan da ba mu sani ba, kuma zuwansu kan sa a saurari talaka inda da ba a kula shi. Mako biyu ba ya gama aiki, amma yana iya buɗe ƙofa in akwai 'yan gida da za su riƙe ta. Yanzu da hanyoyi sunka yi wuya, yawancinsu Yamai za su tsaya, ku ne za ku shiga ƙauyuka. In an ce hanya ba kyau, ki fasa, ko baƙo ya yi fushi. Ki lura da cinsu da shansu, ki gaya wa matansu irin suturar da ta dace tun kafin su taso. In kuma wata rana ke anka gayyata can ki yi magana gaban ikilisiyarsu, ki ba da labarin mutanenmu yadda za ki iya maimaita shi gaban maigari ba ki sunkuyar da kai ba.

Saura guda, kuma wannan ke na yi wa. Ran da kinka zo da murna kinka ce an ɗauke ki, ina zaune ina gyaran rediyo. Ban ɗago ba. Na ce miki aikin baƙi ne, ba ya da saiwa, ki nemi na gwamnati. Na ga yadda murnar ta bar fuskarki, na kuma bar ki kinka fita haka. Wata biyu ke nan kina shiri, ban tambaye ki ko kalma guda ba. Ba aikin nake ƙi ba, Rahila, kuma ba shakkarki nake ba. Kunyar kaina ce ta taso, na ji tsoron ki shiga inda na faɗi, ki ji labarina daga bakin wasu. Yanzu kin ji shi daga nawa. Ki yafe wa babanki. Aikin na da saiwa, na gan ta da idona a fadamar nan, kuma ban san wanda ya fi ki dacewa da shi ba. Na yarda ki tafi, da zuciya ɗaya.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya sa gaskiya a bakinki, ya ba ki kunnen jin wanda ba a saurara, ya ba ki ƙarfin cewa na yi kuskure tun rana ba ta yi nisa ba. Ya kiyaye ki a mota da masauki, ya kiyaye baƙin da za ki riƙe da garuruwan da za su karɓe ku. In kin sauka ki kira innarki tukuna, don ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarki. Bayan ta gama, ki ce ta miƙo mani.

Ni ne babanki mai sa miki albarka,
Iliya